Wace kafa ce ta firinta a bayan tsohuwar laftof?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman a taimaka a gane min kafofin da ke jikin wata laftof, Dell Latitude D630, don a haɗa ta da firinta mai ribon, Epson LX-300+. A bayan laftof ɗin akwai kafofi biyu masu girma ɗaya, kowacce da wurin ɗaura sukuru a gefe da gefe. Ɗaya shuɗiya ce mai ramuka, ɗayar kuma tsinkaye ne a tsaye cikinta. Sai USB, sai wurin wayar intanet da wani ƙarami mai kama da shi. A jikin firintar kafofi biyu ne: wata doguwa mai maƙalai biyu na siririn ƙarfe, da wata mai ramuka 25. Na ji ana cewa kafar firinta ita ce mai 25. To wace waya ake nema, mai kai 25 a ɗaya gefen da kai 9 a ɗayan?

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam Malam Bashir. Dakata da neman waya tukuna, a fara ƙirga. Abu uku ake dubawa a kowace kafa: yawan tsinkaye ko ramuka, sahu nawa suka yi, sannan namiji ce ko mace. Mai tsinkaye ita ce namiji, mai ramuka mace.

Shuɗiyar nan za ka tarar ramuka 15 ne a sahu uku. VGA ce, ta allo ko majigi, ba ruwanta da firinta. Mai tsinkayen kuma 9 ne a sahu biyu, biyar a sama huɗu a ƙasa. Ita ce siriyal, wadda Windows ke kira COM1. Sau da yawa ana buga IOIOI a kusa da ita. Ƙaramar da ke kusa da ta intanet ta wayar tarho ce, ta modem.

Kafar da kake jin ana cewa ta firinta ita ce faralel, DB-25, mace ce a jikin kwamfuta, ramuka 13 a sama 12 a ƙasa, faɗinta ya kusa ninka na VGA. D630 ba ta da ita. D600 da D610 suna da ita, daga D620 aka cire ta aka bar siriyal.

Malam Habibu: Abin da ke ruɗa mutane shi ne mai ramuka 25 da ke jikin firintar. Ba faralel ba ce. A jikin kwamfuta, mace mai 25 faralel ce; a jikin firinta irin wannan, mace mai 25 siriyal ce. Faralel ɗin firintar ita ce doguwar nan mai maƙalai, Centronics, mai mahaɗai 36. Ba tsinkaye gare ta ba, wasu siraran ƙarafa ne jere sama da ƙasa cikin bakinta.

Haɗarin a nan yake: akwai waya mai kai namiji 25 a duka gefe biyu, tana shiga faralel ɗin kwamfuta ta kuma shiga siriyal ɗin firinta ɗaram, sukuru ma ya ɗauru. Amma faralel da bolt 0 zuwa 5 take aiki, siriyal kuwa tana lilo tsakanin ƙasa da sifili da samansa, har bolt 12 ko 15 kowane gefe. Wutar da firintar za ta turo tana iya ƙone kafar kwamfutar. Haka duk ƙananan adaftocin nan masu mayar da mace namiji: siffa kawai suke canzawa, ba sa mayar da siriyal faralel.

Kabiru: Ni ban ga abin tsawaita magana ba. A sami kebul mai USB a gefe ɗaya, Centronics 36 a ɗayan, a cusa, a sa direba, shi ke nan. Siriyal a wannan zamani ai wahalar da kai ne.

Hajiya Rabi: Kabiru ƙanena, maganarka tana kan hanya idan daga Word ko Excel za a buga. Amma ba a tambayi Malam Bashir wace manhaja ce za ta yi bugun ba, kuma a nan hukuncin yake. Kebul ɗin USB zuwa faralel ba ya haifar da LPT1, wato sunan da kwamfuta ke kiran kafar faralel ta gaske da shi. Windows yana ganinsa a matsayin USB Printing Support, a ƙarƙashin sashen USB na Device Manager, ya ba shi kafa ta boge mai suna USB001 ko USB002. Duk manhajar da ke bi ta direban Windows za ta buga lafiya. Manhajar da aka rubuta ta aika kai tsaye zuwa LPT1, musamman tsofaffin na DOS, tsarin da aka yi amfani da shi kafin Windows, ba za ta san da zamansa ba. Malam Bashir, wane Windows ne, kuma me ake bugawa?

Bashir: Windows 7 ne mai bit 32, Hajiya. Manhajar lissafi ce ta DOS, tana fitar da rasit a takarda mai kwafi uku. A cikin saitinta LPT1, LPT2, COM1 da COM2 kawai ake iya zaɓa.

Hajiya Rabi: To ka gani. Sa'arka ɗaya mai bit 32 ne, don mai bit 64 ba ya buɗe manhajar DOS ko kaɗan sai an bi ta manhajojin kwaikwayon DOS irin su vDos ko DOSBox-X.

Injiniya Lawal: Tunda manhajar ta san COM1, kuma laftof ɗin tana da siriyal ta gaske, firintar ma tana da ita, waya ɗaya ce tsakaninka da aikin. Sai dai a nan ake yawan kuskuren waya. Iri biyu ne masu kai 9 mace da kai 25 namiji, daga waje ba ka bambance su. Ɗaya ta modem ce, ɗaya ta firinta, wadda ake kira null modem. Ta modem ba za ta yi ba, domin kwamfuta da firinta duk a layi ɗaya za su yi magana, ba mai sauraro.

Ga yadda ta firinta take a ciki, lambar farko ta kai mai 9, ta biyu ta kai mai 25:

2 zuwa 2
3 zuwa 3
5 zuwa 7
6 da 8 a haɗe zuwa 20
4 zuwa 6

Kada 2 zuwa 2 da 3 zuwa 3 su sa a ce ai wannan miƙaƙƙiyar waya ce. A kai mai 9, tsinke na 3 ne ke aikawa, na 2 ke karɓa. A kai mai 25 an juya, na 2 ke aikawa, na 3 ke karɓa. Shi ya sa 3 zuwa 3 ke nufin bakin kwamfuta zuwa kunnen firinta. Ta modem kuwa 3 zuwa 2 take, 2 zuwa 3. Da mitar auna wutar lantarki a hannu cikin minti ɗaya za a gane: a juya ta wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, a sa ɗan siririn ƙarfe a rami na 3 na kai mai 9, a taɓa tsinke na 3 na kai mai 25. In ta yi ƙara, ta firinta ce. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar kan, sai an haska fitila.

Zainab: Injiniya, a yi bayanin layin 20 ɗin, don shi ne mutane ke yarwa idan suna haɗa wayar da hannu, su ce waya uku ta isa.

Injiniya Lawal: Gaskiya ne Malama Zainab. Da waya uku, wato 2, 3 da 5, bugu zai fara. Matsalar sai takarda ta yi tsawo. Kwamfuta ta fi firinta sauri, ma'ajiyar firintar kuma ƙarama ce. Idan ta cika, firintar tana sauke wutar tsinke na 20, wato DTR, ma'ana a dakata. In babu wannan layin kwamfuta ba ta ji ba, ta ci gaba da zubawa, abin da ya biyo baya ya zube. Alamarsa ba ta ɓuya: shafin farko ya fito tsaf, daga tsakiyar na biyu layuka su fara ɓacewa ko su cakuɗe. Dalilin haɗa 20 da 6 da 8 gaba ɗaya kuwa, wasu manhajoji DSR suke kallo, tsinke na 6, Windows kuma idan aka zaɓi Hardware yana kallon CTS, tsinke na 8. A ba su duka biyun a huta.

Wanda ya nace wa waya uku, to ya saita XON/XOFF a ɓangarorin biyu. A wannan tsarin firintar harafi take aikowa ta layin bayanai don ta ce tsaya ko ci gaba. Yana aiki, amma ba kowace manhajar DOS ce ke saurarensa ba.

Sauran saitin huɗu ne, kuma dole su zama iri ɗaya a kwamfuta da firinta: gudu, yawan bit, parity da stop bit. Wanda aka fi amfani da shi 9600, 8, babu parity, 1. Firintar tana iya buga takardar saitinta da kanta, a duba a daidaita. A cikin Command Prompt sai a rubuta:

mode com1 baud=9600 parity=n data=8 stop=1

Idan gudun ya saɓa, ba shiru za a ji ba, tarkacen alamomi za ta yi ta bugawa tun daga harafin farko. Bambancinsa da matsalar layin 20 ke nan, wancan sai an yi nisa yake bayyana.

Kabiru: To ai 9600 ɗin nan tafiyar hawainiya ce, Injiniya.

Malam Habibu: Ya danganta da abin da ake aikawa. Kowane harafi bit 10 yake ci idan an haɗa da na buɗewa da na rufewa, ke nan 9600 tana kai harafi 960 a daƙiƙa. Kan firintar nan, a mafi saurinsa, ɗari uku da 'yan kai yake bugawa a daƙiƙa. Ga rubutu zalla irin na DOS, firintar ce ke jan ƙafa, ba wayar ba.

Inda maganarka ta yi daidai shi ne bugu daga Windows, inda direba ke mayar da shafi hoto. A ɗigo 120 kowane inci, zara ɗaya ta kan firintar, daga gefe zuwa gefe, mai faɗin inci 8 bayit 960 ce, daƙiƙa guda ke nan. Shafi mai tsawon inci 11 yana cin zara kusan 99 idan ɗigo 72 ne a tsaye. Sama da minti ɗaya da rabi a aikawa kawai, in shafin cike yake. A nan faralel ko USB ta fi nesa ba kusa ba.

Baba Audu: Ku yi haƙuri in shigo. Kun manta da ƙasan laftof ɗin. Malam Bashir, kifa ta ka duba, akwai wata doguwar kafa a tsakiya. Ta mazauni ce, abin da ake ɗora laftof a kai ya fito da ƙarin kafofi. Na jerin D na Dell sunansa D/Port, kuma yana da faralel ta gaske, LPT1 sosai mai adireshi 378. Ba USB ba ce aka lulluɓe, layukan daga cikin laftof ɗin suke fitowa. Ga manhajar DOS babu abin da ya kai wannan kwanciyar hankali, kuma da wayar firinta ta kullum za a yi aiki, DB-25 namiji zuwa Centronics 36. Caja yake so a jikinsa, mai wat 90.

Haka abin yake a ThinkPad. T43 tana da faralel a jiki, T60 ba ta da ita a jiki, amma akwai ta a mazauninta. Wannan ma shi ke kawo wani ruɗanin: mutum ya buɗe Device Manager ya ga an rubuta ECP Printer Port LPT1, ya juya laftof gaba da baya bai ga kafar ba. Tana nan a cikin allon uwa, bakinta ne ba a fito da shi ba sai ta mazauni. Don haka ganin LPT1 a Windows ba hujja ba ce, sai ido ya ga ramuka 25.

Hajiya Rabi: Allah ya ƙara girma Baba, wannan hanya ce mai kyau. In ƙara da abin da ake yi a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, idan an samu faralel ta gaske, don akwai waɗanda za su karanta wannan da wata laftof ɗin. A Dell F2 ake dannawa yayin kunnawa, a ThinkPad F1. A fara tabbatar da kafar a kunne take. Sannan yanayinta: za a ga wasu daga cikin SPP ko Output only ko AT, sai Bi-directional ko PS/2, sai EPP, sai ECP. ECP ita ce mafi sauri, firintocin lesa da na tawada na ƙarshen shekarun 1990 suna sonta. Amma firinta mai allurai, wato mai ribon, da ta girmi ƙa'idar IEEE 1284 ta 1994 tana iya ruɗewa da ita. Alamar ita ce duk lokacin da Windows ya tashi sai firintar ta buga ɗan tarkace a saman takarda, ko bugu ya tsaya cak a tsakiya. A sauko zuwa Bi-directional, in ta ƙi a koma SPP. Ba a rasa komai, tunda firintar ba ta iya cin saurin ECP ɗin ko da an ba ta.

Adireshi kuma a bar shi 378 da IRQ 7, shi ne abin da yawancin manhajojin DOS ke tsammani. Wasu laftof suna zuwa da 3BC, kuma EPP ba ta aiki a can.

Zainab: Tunda an zo kan faralel, ga gwajin da ke raba gardama tsakanin waya, direba da firinta. Na farko, firintar ita kaɗai: a kashe ta, a danne maɓallin LF/FF, a kunna, za ta buga gwajin kanta. In ta buga, kanta da ribon da injinta lafiya. Na biyu, a tsallake direba: a rubuta 'yan layuka a Notepad, a adana da suna gwaji.txt, sannan

copy gwaji.txt lpt1

ko com1 idan ta siriyal ce. Mai allurai za ta buga nan take. Firintar lesa kuwa za ta karɓa ta yi shiru tana ƙyafta fitila, domin tana jiran umarnin fitar da shafi, sai a danna maɓallinta. Mutane da yawa a nan suke cewa ba ta aiki.

Idan rubutu ya fito amma wasu haruffa sun rikiɗe zuwa wasu, kuma kullum iri ɗaya, to a bar direba, waya ce. Tsinke na 2 zuwa na 9 su ne layukan bayanai takwas. Misali na 2 ya lanƙwashe bai shiga ba, layinsa ya maƙale a sama: B za ta koma C, D ta koma E, amma A da C su fito daidai. Idan kuma Windows ya nace cewa babu takarda alhali akwai, a duba na 12. Idan kullum yana nuna firinta na aiki ba ta gamawa, na 11. Na 18 zuwa 25 duk layukan ground ne, wayoyi marasa inganci sukan haɗe su a siriri ɗaya, shi ya sa ba sa jure tsawo. Waya ta kullum kada ta wuce mita 3. Wadda aka rubuta IEEE 1284 a jikinta tana kaiwa mita 10. Siriyal tana kai mita 15 ba matsala.

Kuma a kashe duka biyun kafin a cusa ko a zare. Faralel ba USB ba ce.

Kabiru: Na ji duka, amma ban sauka daga kan USB ba. Mazaunin nan ba ko'ina ake samunsa ba, kuma ranar da D630 ta mutu sai a sake sabon lale. Akwai hanyar da DOS ke bugawa ta USB. A sa firintar a kan USB001 da direbanta, a tabbatar tana buga shafin gwaji daga Windows. A buɗe ta ga netwok, wato Sharing, da gajeren suna marar tazara, misali LX300. Sannan:

net use lpt1 \\sunan-kwamfuta\LX300 /persistent:yes

Daga nan duk abin da manhajar ta aika LPT1, Windows zai tare shi ya miƙa wa USB.

Hajiya Rabi: Hanyar tana aiki, ba musu. Ga inda take yin tuntuɓe. Tana buƙatar netwok a raye ko da kwamfutar da kanta take magana, don haka laftof da ba ta haɗe da komai sai an sa mata Microsoft Loopback Adapter. Na biyu, idan Windows yana ganin LPT1 ta gaske, kamar wadda Baba ya ambata, mai amfani da ba Administrator ba ne a kwamfutar ba zai iya karkatar da ita ba. Sai a kashe ta a BIOS, ko a yi amfani da LPT2 tunda manhajar Malam Bashir ta san ta. Na uku, jinkiri: wasu manhajojin DOS ba sa rufe kafa bayan sun gama aikawa, sai Windows ya zauna jira na daƙiƙu kafin ya saki bugun, wani lokaci sai an fita daga manhajar. Ga mai yanka rasit mutum na tsaye, wannan abin haushi ne.

Kuma a bar nau'in bayanai a RAW a Print Processor. Manhajar DOS da kanta take aika umarnin ESC/P na Epson, na matse rubutu da kaurara shi da tsawon takarda. In aka mayar TEXT, umarnin za su lalace, rasit ya fito a warwatse.

Malam Habibu: Akwai kuma firintocin da kebul ɗin USB ke wahalar da su ko daga Windows ne: waɗanda ake kira GDI, marasa harshen bugu na kansu, kwamfuta ce ke yi musu komai tana magana da kafar kai tsaye. Masu PCL irin HP LaserJet 4, 5L da 6L, da masu ESC/P, su ne ke tafiya lafiya. Makullin manhaja, wato dongle, da ake cusawa a faralel shi ma ba ya aiki ta wannan kebul.

Wanda ke da LaserJet 1100 ya lura, kafarta ƙaramar Centronics ce, nau'in C, mai maƙalli a jikin kan wayar. Babban kai mai 36 ba zai shiga ba. Sai dai a nemi kebul ɗin USB mai ƙarewa da DB-25 mace, a haɗa da wayarta ta asali.

Aminu: Ba wanda ya taɓo ramin kati na gefe. D630 tana da PC Card, mai faɗin milimita 54, tsinkaye 68 a can ciki. Akwai katin faralel da ke shiga nan. Laftof ɗin da suka biyo baya ExpressCard gare su, mai milimita 34 ko 54, mahaɗai 26, kuma katin wannan ba ya shiga na wancan ko da bakin ramin ya yi kama. A haska fitila ciki: sahu biyu na tsinkaye daga gefe zuwa gefe PC Card ce.

Tarkon ExpressCard shi ne ramin yana ɗauke da USB da PCI Express duka. Katin faralel da ya bi ta USB, kebul ɗin Kabiru ne aka sa wa riga, USB001 zai bayar. Wanda ya bi ta PCI Express shi ne ke ba da LPT a sashen Ports. Ko shi ɗin adireshinsa ba 378 ba ne, wani babba ne da Windows ya zaɓa. Manhajar da ke neman sunan LPT1 za ta same shi idan an canza lambarsa a Port Settings. Wadda ke rubutawa kai tsaye a 378 ba za ta same shi ba.

Bashir: Idan laftof ɗin ta gaba ba ta da siriyal ɗin ma fa? Adaftar USB zuwa siriyal ita ma ta boge ce kamar ta faralel?

Injiniya Lawal: A'a, nan ne siriyal ta yi wa faralel fintinkau. Adaftar USB zuwa siriyal tana bayyana a sashen Ports a matsayin COM sosai. Sai dai takan ɗauki lamba babba, COM5 ko COM7. A shiga Properties, Port Settings, Advanced, a mayar da ita COM1 ko COM2. A riƙa cusa ta a kafar USB guda ɗaya, don wasu suna canza lamba idan an canza musu wuri. Masu guntun FTDI sun fi rashin rigima. Na Prolific PL2303 an cika su da jabu, sabon direba yana ƙin jabun ya nuna Code 10. Wayar null modem ɗin nan dai ita za ka ci gaba da amfani da ita, don kan adaftar namiji ne mai 9 kamar na laftof.

Baba Audu: Ga waɗanda na'urarsu ta fi wannan tsufa, 'yan abubuwa da ke kama da kafar firinta. A tsofaffin Toshiba kafar mai 25 aiki biyu take, firinta ko fulofi na waje, da ɗan makunni a gefe mai rubutun A, B, PRT. In ba a kan PRT yake ba, firinta ba za ta motsa ba. A Macintosh na tebur mace mai 25 SCSI ce, alamarta lu'ulu'u mai ɗan layi, kada a sa mata firinta. Firintar Apple ta wancan lokaci ta zagayayyar kafa mai 8 take bi. Namiji mai 25 a jikin tsohuwar kwamfuta siriyal ce. Zagayayya mai ramuka 6 ta linzami ko kibod ce, mai 4 ko 7 ta talabijin. Ƙaramar nan mai 1394 a rubuce, wadda ake ɗauka ƙaramar USB ce, FireWire ce.

Ɗan baƙin gilashi mai duhun ja a gefen laftof kuma infrared ne. LaserJet 5P da 6P suna da irinsa a gaba, ana bugawa ba waya idan sun fuskanci juna cikin mita ɗaya.

Zainab: A ƙara da firintocin rasit irin Epson TM. Kafar da ke bayansu mai kama da ta tarho ta buɗe akwatin kuɗi ce, bolt 24 take fitarwa. Ba a haɗa ta da modem ɗin laftof ko layin tarho.

Aminu: In kwamfuta fiye da ɗaya ce za ta yi bugu, ko ana son a daina dogaro da kafofin laftof gaba ɗaya, akwai ƙaramin akwatin da ke haɗa faralel da netwok, irin HP JetDirect 170X da 300X ko TP-Link TL-PS110P. A ba shi adireshin IP tsayayye, a Windows a ƙirƙiri Standard TCP/IP Port, Raw, lamba 9100. A cire alamar SNMP Status Enabled, in ba haka ba Windows yakan nuna firintar a kashe alhali tana kunne. Ga DOS dai sai an sake bi ta net use, da duk laulayin da Hajiya ta lissafa.

Kabiru: To Malam Bashir ya zaɓa. Ni dai har yanzu USB nake gani ta fi daɗewa.

Hajiya Rabi: Ga wannan laftof da wannan manhaja, siriyal zan fara gwadawa. Waya ɗaya ce, ba direba, ba netwok, kuma manhajar ta san COM1. In an samu D/Port a koma LPT1. USB ta zama ta uku.

Bashir: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tambaya ta ƙarshe: firintar tana da kafa biyu, sai an faɗa mata wadda za ta saurara?

Injiniya Lawal: A takardar saitinta akwai layin I/F mode: Auto, Parallel ko Serial. A Auto tana sauraren duk wadda ta fara magana, ta jira 'yan daƙiƙu bayan an yi shiru kafin ta saurari ɗayar. In waya ɗaya ce a jiki, kafe ta a Serial. Sannan umarnin mode ɗin nan ba ya zama bayan an kashe kwamfuta, don haka sa shi a layin farko na fayil ɗin bat da ke buɗe manhajar, ka kuma daidaita lambobin a Port Settings na COM1. Ka duba Auto line feed ma ya kasance a kashe, in ba haka ba kowane layi zai tsallake ɗaya, rasit ya zarce zuwa takarda ta gaba.